Ruwan pampo ne ke sa yara zawo ko na ƴan garuwa? Dan Allah masu sani ku taimaka

Maman_Biyu

Assalamu alaikum ƴan uwa, ina yininku. Dan Allah tambaya gare ni ga masu ilimin abin. Mu nan Garin Malam muke, akwai pampo a gidanmu amma kun dai san halin Damagaram in bazara ta shigo, ruwa sai tsakar dare yake zuwa in ma ya ga damar zuwa, robine a buɗe muke barin shi da bokiti a ƙasa mu kwanta, ƙarar iska ce ke tada mu fuuu fuuu sannan ruwa ya biyo baya. To abin da ke damuna ruwan farko da ke fitowa ja ne, wani bi har da ɗan wari-wari irin na kwata, in ya jima yana zuba sai ya washe, wani bi kuma ya fito fari fat sai ya daɗe a kofi kafin ya koma daidai. Mu dai duka tarewa muke yi tunda ba ka da tabbacin gobe, mu cika randa mu cika tono mu cika bidoji. Ranar da bai zo ba kuma sai ƴan garuwa.

Yanzu yarana ƙanana biyu zawo ya ƙi barinsu, wannan ya samu sauƙi wancan ya ɗauka. Kakarsu ta ce haƙori ne, to ƙaramar dai na yarda tana fidda haƙori amma yayanta fa da ya kusa shiga lekol? Maigida ya ce mu koma piya wata gaba ɗaya, ni kuma na duba lissafin ba ya fita, gidanmu ba mu kaɗai ba ne. Shin laifin ruwan pampo ne ko na garuwa, kuma me zan yi wanda talaka zai iya? Allah ya saka da alheri.

Ɗan_Fada_Zengu

Hajiya ke da kika samu ruwan ma har kina duba launinsa hhhh. Mu a layinmu robine ya zama wurin rataya buta. Wlh muna yara har ruwan tabki mun sha in mun je wanka kuma ga mu nan da ranmu, cikin ɗan Damagaram ya saba. Matsalar ruwan garin nan ta girmi kakanninmu, ai har da ita cikin dalilan da suka sa Nasara ya ɗauke babban birni daga nan ya kai Yamai a 1926, shekara kusan ɗari kenan muna jiran pampo. Ki ba su jiƙo ki yi addu'a kawai, Allah ya ba su lafiya.

Tsohon_Plombiye

Wa alaikumus salam ɗiyata. Ni aikin pampo na yi har ƙarfi ya ƙare, yanzu yara ke yi ina zaune, to bari in gaya miki abin da hannuna ya taɓa, maganar ciwo kuma na bar wa ma'aikatan likita.

Farin nan da kike gani kar ya dame ki, iska ce. Mutane na cewa wai magani ne aka zuba ya yi yawa, ba magani ba ne. Bututu ya wuni babu ruwa iska ta cika shi, in ruwa ya taso da ƙarfi sai su gauraya. Ki zuba a kofin gilas ki sa ido, za ki ga yana washewa daga ƙasa zuwa sama, in haka ya yi to babu komai. Jan kuma yawanci tsatsa ce da laka da suka kwanta a cikin bututu, ruwan farko ya kwaso su. Ba daɗin gani amma ba shi ne babban abin tsoro ba. Abin da ya tsaya mini a rai cikin maganarki shi ne warin kwata.

Ki gane wani abu. Bututun da ke cike da ruwa dare da rana ko da ya huje, ruwa waje yake fita, datti ba ya samun hanyar shiga don ƙarfin ruwan na tura shi baya. Amma in aka ɗauke ruwa bututu ya zama wayam sai lamarin ya juya, ƙofar nan da jiya take zubar da ruwa yau ita ke zuƙo duk abin da ke kewaye da ita, kaman yadda ƴan ruwa-ruwa ke zuƙo esansi da tiyo daga bido. In wurin da ya huje a cikin kwata yake ko kusa da ramin salga, to kin ga abin da ke shiga, kuma da an sako ruwa shi ne na farko da zai iso bokitinki. Shi ya sa nake cewa ɗauke ruwan nan da muke ɗauka matsalar ƙishirwa ce kawai, ita kanta hanyar ciwo ce.

Kuma ƙasarmu ba ta taimaka ba. Garin nan kan dutse yake zaune, duk wanda ya taɓa haƙa a Birni ya sani, mai haƙa ya yi ɗan taƙi kaɗan ya ci karo da dutse sai ya ce ya isa ya shimfiɗa tiyo nan sama-sama, amalanke ta taka mota ta taka rana ta gasa shi. Na sha tono tiyon gida in same shi kwance tsakiyar kwata an ɗaure inda ya fashe da robar tayan keke. Ga masu sa ƙaramin injin jan ruwa, sirpresa, kai tsaye a jikin bututu don su riga maƙwabta samu, wannan ya fi komai ɓarna, yana hana na ƙarshen layi ruwa kuma yana ƙara ƙarfin zuƙar nan da na faɗa. In mutum zai sa inji ya tara ruwa a tanki tukuna sannan ya ja daga tankin, amma wa ke ji.

Dutsen nan ne kuma ya sa ruwan da muke sha ba na cikin gari ba ne, daga nesa ake turo shi. Akwai rijiyoyin Gogo da Machaya ta kudu, su sun dogara da abin da damina ta bari a ƙasa shi ya sa in shekara ba ta yi ruwa ba tun wajen Afrilu ake jin jiki, sai Arunguza da Ganaram ta arewa, Ganaram ƴan Sin ne suka yi aikinta. Duka da inji ake turowa, wuta ta ɗauke inji ya tsaya. Gari kuma kullum faɗi yake yi, unguwannin da na sani gonaki yau gidaje ne. Rarraba ruwan daga 2001 kamfanin SEEN ne ya riƙa yi, daga farkon 2024 kamfanin NDE ya karɓa, manyan kayan kuma irin su shato, wato babban tankin ruwa na sama, da manyan bututai na kamfanin gwamnati SPEN ne. Kuma ana sa wa ruwan kulor, maganin kashe ƙwayoyin cuta, kafin a sako shi, wannan na sani, sai dai kulor ba ya dawwama, tafiya mai nisa da zafi da dattin da ya tarar a hanya suna cinye shi, na kusa da shato ya ji warinsa na ƙarshen layi wani bi ko alama.

Shawarata, ruwan farko kar ki zuba a randa, ki tare shi daban a yi shara ko a zuba a bayan gida, sai ya washe sarai wari ya tafi sannan ki fara tarar na sha. Na san da zafi a ce wa mai jiran ruwa tun dare ya ware bokitin farko amma ai ba zubarwa za ki yi ba. Sannan ki sa maigida ya bi tiyonku daga kwantar, agogon nan mai lissafa ruwa, har cikin gida ya ga ta inda ya bi.

Majo_CSI

Baba plombiye Allah ya ƙara girma, ka rage mini aiki. Ɗan_Fada ƙanena, waɗanda suka sha ruwan tabki ba su rayu ba ai ba sa nan balle su yi rubutu, kuma ka tambayi abokan wankanka nawa ne suka yi fitsarin jini, tsargiya kenan, a tabkin ake ɗaukarta.

Maman biyu sannu da jinya. Maganar haƙori kullum muna jin ta, kuma ba na ganin laifin iyayenmu don lokacin ne ya zo ɗaya. Watannin da yaro ke fidda haƙori su ne watannin da yake rarrafe, komai ya samu sai baki, kuma lokacin aka fara ba shi ruwa da koko. Haƙori na iya sa dalala da ƙaiƙayin dasashi da ɗan rigima, amma zawo mai ruwa-ruwa sau uku ko fiye a yini ƙwayar cuta ce ta shiga ciki, kuma illar cewa haƙori ne ita ce sai a zauna ana jira ya wuce yaro yana bushewa.

Abin da za ki fara yi tun yau SRO ne, wato garin gishiri da sukari na zawo, da ƙwayar zinc, akwai a CSI, likitar unguwa, akwai a farmasi. Fakiti ɗaya cikin lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ki riƙa ba su kaɗan-kaɗan da cokali ko kofi bayan kowane zawo, in ya yi amai ki dakata kaman minti 10 ki ci gaba a hankali, wanda ya kwana ya wuni a zubar a haɗa sabo. In dare ne babu fakiti, lita ɗaya ta ruwa, ƙaramin cokalin shayi 6 na sukari a shafe ba a tula ba, da rabin ƙaramin cokali na gishiri, kar gishirin ya wuce haka. Zinc kuma kwana 10 zuwa 14 ake sha ko da zawon ya tsaya, nan ne mata da yawa ke sakewa, kwana biyu yaro ya warware sai a ajiye. Kar a daina ba da nono, kar a daina abinci. Dan Allah kuma a bar sayen tupaye da ƙwayar metro wurin masu tallar magani a kai, yawancin zawon yara ba ya buƙatarsu.

Amma in kin ga ido ya faɗa, ko maɗiga ta lotsa, ko yaro ya kasa sha ko ya yi laushi ba ya kula kowa, ko ba ya fitsari, ko akwai jini a kashin, ko zazzaɓi mai zafi, to ba maganar gida ba ce a kawo shi ko ƙarfe nawa ne. Tunda ma kin ce abin yana tafiya yana dawowa ni da za ki kawo su a duba a auna nauyinsu da dantsensu, zawo mai maimaituwa shi ke buɗe wa tamowa ƙofa.

Babba kuma in ya fara zawo fari tsululu irin ruwan wankin shinkafa da amai, wannan kwalara ake zargi, tana iya kashe ƙato cikin awoyi. Kun tuna 2021, sama da mutum 5,000 suka kamu a ƙasar nan sama da 150 suka rasu, jihar Damagaram da ta Maradi na cikin inda abin ya fi tsanani. A 2017 kuma a Diffa ciwon hanta nau'in E ya ɓarke, shi ma ta ruwa mai ƙazanta yake bi, yana zuwa da shawara ido ya yi ɗorawa, kuma mata masu ciki ya fi kashewa. Ga taifot ga atini, duk hanyarsu guda ce, kashin mutum ya samu hanyar komawa bakin mutum, ta ruwa ko ta hannu ko ta ƙuda.

Yanzu tambayarki, pampo ko garuwa. Daga nan ba wanda zai iya rantse miki, amma akwai na uku da ba ki ambata ba, randa. Sau da yawa ruwa na isowa gida da lafiyarsa a cikin gida yake lalacewa. Randa baki buɗe, moda ɗaya kowa ya tsoma har wuyan hannu, yaro ya fito daga bayan gida ya ɗiba, modar ta faɗi ƙasa a ɗauka a mayar. Kuma saboda tsoron gobe ba a bari randa ta ƙare a wanke, sabo ake zubawa kan tsoho. Ki ware ruwan sha daban cikin bido mai ƙaramin baki da marfi wanda hannu ba ya shiga, a tsiyaya kawai. Ki sa masa Aquatabs, ƙwayar kulor ta tsabtace ruwa, irin wanda aka fi samu ƙwaya ɗaya na bido mai lita 20 ne amma ki karanta jikin fakitin don suna da girma daban-daban, ki rufe ki jira minti 30 kafin a sha. In ruwan ya yi gurɓi sai an bar shi ya kwanta an tace tukuna, kulor ba ya aiki sosai cikin laka. Jaririn da bai kai wata 6 ba kuwa nono kaɗai, ko a zafin Mayu ba ya buƙatar ruwa, uwar ce za ta sha.

Mai_Kura_Karkada

Slm. Ni garuwa nake yi kuma ba na jin kunyar faɗa, ƙanena ne ya nuna mini wannan magana a wayarsa na ce sai na sa baki. Kullum in ciwo ya zo mu ake fara nunawa. To ku sani yawancinmu a pampon unguwa muke ɗiba, ruwan da ke zuwa gidajenku shi ne dai muke bin layi tun asuba mu saya mu turo, in da laifi a ruwan ba mu muka sa ba. Amma gaskiya ɗaya ce, in gari ya ƙafe pampo ko'ina babu, akwai masu zuwa rijiya ko foraj, wato rijiyar burtsatse, na wani mutum, har da masu zuwa inda bai kamata ba, kuma mai saye ba ya tambaya shi dai a sauke masa. Ku riƙa tambaya daga ina, kuma ku riƙe mutum ɗaya da kuka sani. Sannan bido, ku leƙa ciki, in kun ga kore-kore a gindi ku ce ba ku so. Ni da yashi da omo nake girgije nawa, bidojina duk na man girki ne na saya na wanke, ban taɓa sa wanda aka zuba esansi ko maganin gona ba. Masu cewa mun tsawwala kuɗi lokacin zafi bido har dala ashirin ko fiye, ku zo ku tura kura mai bido goma a hawan Birni da rana tsaka sannan mu yi magana.

Ɗalibar_Jami'a

Sannunku iyayena da yayyena. Ni ɗaliba ce a jami'ar André Salifou fannin ilimin ƙasa da ruwa, zan ɗan ƙara kan abin da Majo ya faɗa.

Ido ba ya auna ruwa. Ruwa na iya zama garau yana ɗauke da cuta, wani kuma ja ne amma tsatsa ce kawai. A labo, ɗakin gwajin ruwa, abin da ake nema wata ƙwaya ce E. coli da ke zaune a hanjin mutum da dabba, ƙa'idar OMS, hukumar lafiya ta duniya, ita ce kar a samu ko ɗaya cikin mililita 100, in an same ta to shaida ce kashi ya taɓa ruwan. Kulor kuma ana so ya rage aƙalla miligiram 0.2 a lita a bakin robine, shi ya sa ɗan warin nan da mutane ke ƙi ni in na ji shi hankalina kwanciya yake yi.

Alif da ƙwallon zogale da iyayenmu ke sawa suna kwantar da laka, suna rage datti sosai, amma ba sa kashe cuta, mataki ne na farko kawai. Tacewa da ƙyalle ma haka, ita ta taimaka aka rabu da kurkunu har aka tabbatar Nijar ta kuɓuta daga shi a 2013, don ƙwaron da ke ɗauke da kurkunu babba ne ƙyalle na tare shi, na taifot kuwa wucewa zai yi abinsa.

Sai abin da mutane ba su cika sani ba, akwai gubar da tafasawa ba ta cirewa, ƙara mata ƙarfi ma take yi tunda ruwa na ƙonewa ita tana nan. Ku tambayi mutanen Tibiri ta Gobir kusa da Maradi. A shekarun 1980 aka haɗa garin da wani foraj mai zurfi, ruwa garau ba wari ba launi, ashe sinadarin fulor da ke cikinsa ya ninka ƙa'ida sau uku ko fiye, ƙa'idar miligiram 1.5 ce a lita. Sai da aka shekara goma sha ana sha kafin a gane, ɗaruruwan yara haƙora suka rine ƙafafu suka lanƙwashe, wasu har yau da nakasar suke. Ba ina cewa haka ruwan Damagaram yake ba, ina magana ne kan masu haƙa foraj a gida su fara sha har su sayar ba tare da an kai ruwan an auna ba. Rijiyoyin cikin gari marasa zurfi kuma da salga ke kewaye da su matsalarsu sinadarin nitrat ce, iyakarta miligiram 50 a lita, ta fi illa ga jarirai, ita ma tafasawa ba ta fidda ta. Irin wannan rijiya a bar ta ga wanki.

Piya wata kuma ba wani kogi ake ɗebo shi ba, ruwan pampo ne ko na foraj aka ɗura a leda, wasu na tacewa da gaske wasu injin ɗaurin leda kawai gare su. Ko mai kyaun ne, bayan ledar fa, hannu nawa ya taɓa ta kafin ki sa haƙori ki huda?

Ɗan_Fada_Zengu

To malamai na ji na kuma sha faɗa, Majo a yi haƙuri hhh. Amma ku faɗi gaskiya duk wannan nauyin kan talaka kuke ɗorawa. Ka biya faktir, ka kwana kana gadin robine, ka sayi garuwa, yanzu kuma ka sayi ƙwaya ko ka tafasa, da wane gas da wane gawayi? Gidan mutum goma sha a wannan zafin kun san ruwan da suke sha a yini? A ba mu ruwa dare da rana bututu ya zauna cike kaman yadda Baba ya ce ai shi ne maganin, sauran duk faci ne.

Tsohon_Plombiye

Yaro wannan karon ka faɗi gaskiya, bututu cike shi ne magani, ba ni da ja. Amma kafin ranar ta zo yaran baiwar Allah nan fa? Kuma ku matasa da kuke zaune fada kuna shan shayi, ruwa na tsiyaya a kan layinku wata da watanni ba mai zuwa ya faɗa a ajans ɗin kamfanin ruwa ko ya gaya wa mai unguwa, kowa ya ce ba nasa ba ne, alhali ta ƙofar nan ake shayar da ku kwata in dare ya yi. Ku jira damina ma ku gani, lokacin ruwa ke kwanciya a layi salga ta cika ta tumbatsa, irin ruwan 2024 da ya kada tsohon masallacin Birni a watan Satumba, duk tiyon da ke ƙasa cikin wannan ruwan yake jiƙe. Mutane na ganin damina ta zo an huta, ni a wurina lokacin ne ruwan farko ya fi haɗari.

Ɗalibar_Jami'a

Yaya Ɗan_Fada akwai hanyar da ba ta cin gawayi, rana. Gorar roba fara mai haske irin ta ruwan kwalba, wadda ba ta wuce lita 2 ba kuma ba ta kakkarce ba, a cika da ruwan da ya washe a rufe a kwantar kan kwano ko rufin ɗaki awa 6 cikin rana sosai, in akwai hadari ko ƙura ta rufe rana sai kwana biyu. Hasken rana da zafin ke kashe ƙwayoyin. Ba za ta ishi gidan mutum goma sha ba amma ta ishi ƙananan yara, su ne ma abin ji. Mai tafasawa kuma ba sai ya ƙone itace ba, in ya tafasa yana ɓulɓula minti ɗaya ya isa.

Maman_Biyu

Kai Allah ya biya ku duka, Baba na gode, Majo na gode, ƙanwata ɗaliba Allah ya ba da sa'ar karatu. Mai kura kar ka ji haushi ba zargi na yi ba tambaya ce, in ba ku ba da mun mutu da ƙishi. SRO na aika an sayo, gobe in sha Allah zan kai su CSI. Sauran tambaya biyu, maigida ba ya son warin kulor ya ce yana ɓata masa shayi, kuma ruwan bido zafi yake yi mu mun saba da sanyin randa, ba yadda za a yi in sa ƙwayar cikin randar? Sannan ina da jabel na wanki a gida, ba zai yi ba maimakon in ta sayen ƙwaya?

Majo_CSI

Jabel na iya yi amma ba zan faɗi adadin ɗigo a nan ba, don na kasuwa ƙarfinsu ba ɗaya ba ne, wani an sirka shi wani ya sha rana ya salance wani kuma da turare a ciki wanda sam ba a sha. Ki zo da kwalbar gobe a duba abin da aka rubuta a jiki a gaya miki. Randa kuma ba a hana ki ba, ki sa ƙwayar a bido inda kika san yawan litar, bayan minti 30 ki juye a randar da aka wanke, ki rufe da faifai ko marfi, moda mai dogon hannu a rataye ta a sama ba a bar ta tana yawo ba, ita ta ɗiba a zuba a kofi ba a kafa mata baki. Ki zuba daidai na yini guda don randar ta ƙare a wanke kafin a ƙara. Akwai masu sa wa randa ƙaramin robine a gindi, in kin samu maginin tukwane da zai yi miki wannan ya fi duka. Na shayin maigida kuwa ai tafasa shi ake yi, ki ɗebar masa wanda ba a sa wa ƙwaya ba. Sabulu kuma a ajiye kusa da buta.

Tsohon_Plombiye

Ɗiyata na manta ban gaya miki yadda za ku gane ko tiyonku ya huje ba. Daren da ruwa ya zo da ƙarfi, bayan iskar ta gama fita, ku rufe duk robine na gidan ku haska kwantar da tocila, in ƙaramar allurar nan tana juyawa alhali ba mai ɗiba to akwai inda yake zuba tsakanin kwantar da cikin gida, wannan gyaranku ne ku kira plombiye ya canza guntun gaba ɗaya kar ya ɗaure da roba. In kuma ba ta motsi amma warin bai daina ba, ku tambayi maƙwabta ko su ma suna ji, in layin ne duka sai ku haɗu ku je ajans tare da lambar kwantar ɗinku, an fi saurin sauraron mutum biyar a kan mutum ɗaya.